Tiyon numfashi da na fi tsoro fiye da wuƙar likita

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni haifaffiyar Garwa ce a arewacin Kamaru, tela ce ni, ina da yara biyu, kuma tun shekarar 2015 nake yawo da bawul na ƙarfe, wato ƙofar zuciya ta ƙarfe da aka sa min a madadin tawa da ta lalace, a cikin zuciyata. Na daɗe ina son in rubuta wannan labarin saboda akwai mutanenmu da yawa da likita ya ce musu sai an yi aikin zuciya, kuɗin ma wani lokaci an haɗa, amma sai su noƙe su koma gida su zauna da ciwo, in ka bincika ba tsagar ƙirjin ce ta fi basu tsoro ba, wannan maganar ce ta "za a sa ka a inji, za a zura maka tiyo a maƙogwaro". Ni ma haka nake, wallahi saura ƙiris in ƙi zuwa.

Ciwon nawa ya samo asali ne tun ina yarinya ban sani ba, iyayena ma basu sani ba. Duk hunturu sai na yi ciwon maƙogwaro, zazzaɓi, haɗiyar yawu ma aiki ne, a gida sai a bani ruwan ɗumi da zuma da citta, har wanzami an kira ya cire min belu wai shi ne ke kawo abun. Ina wajen shekara 10 na kwanta wani ciwo na gaɓoɓi, yau gwiwa ce ta kumbura gobe ya koma idon sawu jibi gwiwar hannu, aka ce sanyi ne, aka yi ta shafe-shafe har na miƙe na koma makaranta kowa ya manta. Sai bayan shekaru da yawa likitan zuciya yake min bayani cewa wannan ciwon maƙogwaron wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, in ba a kashe ta da penisilin ba, bayan sati biyu zuwa uku garkuwar jikin yaro sai ta rikice ta koma tana yaƙar gaɓoɓinsa da ƙofofin zuciyarsa. Gaɓoɓi suna warkewa, amma ƙofar zuciya tabo take yi, kuma tabon a hankali yake tauri shekara da shekaru. Yace yawanci yara 'yan shekara 5 zuwa 15 abun yake kamawa. Ranar na yi kuka sosai, ba dan ina ganin laifin Inna ba, ita dai abun da ta sani ta yi, kawai dai ina tunanin allura ɗaya tak da ta isa ta tare duk wannan.

Na yi aure, na haifi ta fari lafiya, sai dai ni mai saurin gajiya ce tun da can kuma kowa ya ɗauka haka jikina yake. A cikin na biyu ne ido ya raina fata. Wata bakwai ban iya kwanciya a miƙe, sai na jera filo uku na jingina, tsakar dare in farka kamar an shaƙe ni in fito tsakar gida ina neman iska, ƙafafu sun kumbura takalmi baya shiga, tari wani lokacin har da ɗigon jini. Wani ƙaramin asibiti da nake zuwa suka ce asma ce suka bani abun shaƙa, ni kuma in na shaƙa zuciyata sai ta ƙara gudu. Allah cikin ikonsa na haihu da kyar da jiɓin goshi, yaron ya rayu nima na rayu, amma bayan arba'in ko shara ban iya yi, keken ɗinki kuwa in na taka minti kaɗan sai haki. Daga nan ne aka tura ni wajen likitan zuciya aka yi min eko, wato hoton zuciya, ya juya min allon yace Madam ga ƙofar da ke tsakanin ɗakuna biyu na hagu, mitral suke ce mata, ta ƙuntace kuma bata rufuwa da kyau, shi yasa jini ke komawa baya yana taruwa a huhu. Ya rubuta min Lasilix da wasu magunguna da allurar penisilin duk bayan sati uku, yace waɗannan za su rage wahala ne kawai, maganin gaskiya sai aiki.

To a nan ne rigima ta tashi a gidanmu. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa shanyewar jiki ya samu, aka kai shi asibiti aka sa masa tiyo a baki da inji, bai sake buɗe ido ba har rai ya yi halinsa. Tun daga lokacin a wajen Inna duk wanda aka sa wa wannan tiyon to kwanansa ya ƙare, jira kawai ake. Da ta ji cewa duk wanda aka yi wa aikin zuciya sai an sa shi a inji tace wallahi ba da yawunta ba, gara in mutu a ɗakina ina salati da in mutu a ƙasar da bata sani ba baki a toshe. Kuma maganarta ta shige ni sosai, dan abun da ni ma nake tsoro kenan ban faɗa wa kowa ba, in mutuwa ta zo min ina da tiyo a maƙogwaro yaya zan yi kalmar shahada. Na yi watanni ina juya wannan a raina, in na kalli jaririna in ce zan je, in dare ya yi in ce na fasa. Yayana ne ya zauna da ni wata rana bayan isha'i yace ƙanwata ki dubi ƙafafunki, ki dubi yadda kike numfashi yanzu ma kina zaune, zaman nan da kike yi shi ma ai hanya ce kika zaɓa. Maigidana bai matsa min ba, yace duk abun da na yanke yana bayana. Na yi istihara na ce mu tafi.

Kuɗi miliyoyin sefa ne, ba zan ɓoye ba. An sayar da fili, na sayar da 'yan kunnaye da keke ɗaya, 'yan adashinmu suka bani ɗauka kafin lokacina, dangi na Marwa da na Yola suka turo abun da ya sawwaƙa, a masallacin unguwa ma an yi sanarwa. Allah ya saka wa kowa.

Shisong aka tura mu, kusa da Kumbo a yankin Arewa maso Yamma, inda akwai cibiyar aikin zuciya da aka buɗe a 2009, 'yan sista na Katolika ke riƙe da asibitin tare da haɗin gwiwar likitocin Italiya. Mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, mota zuwa Bamenda sannan a hau duwatsu zuwa Kumbo. Mutumin Garwa da ya saba da zafin watan Maris in ya isa can sai ya nemi bargo biyu.

Kafin aiki aka zaunar da mu kan zaɓin bawul. Akwai na nama, wanda baya buƙatar maganin tsinka jini har abada amma yana lalacewa, shekara 10 zuwa 15, ga mai ƙuruciya ma baya kaiwa haka, sai an sake buɗe ƙirji. Akwai na ƙarfe mai daɗewa, amma sai shan maganin tsinka jini kullum har ƙarshen rayuwa, kuma maganin yana iya cutar da ɗan tayi, dan haka ciki ya zama abun da ba a yinsa da ka. Ina da shekara 29 lokacin, ina son ƙarin haihuwa kamar kowace mace, amma na san ba mu da filin da za mu sake sayarwa. Na zaɓi na ƙarfe, kuma har yau in na tuna wannan zaman ina jin wani abu a raina.

Da yamma ana gobe aiki likitan da ke sa barci ya zo gadona, shi ne mutumin da ya sauya min komai. Faransancina na makaranta ne ba mai zurfi ba, sai aka samo wata ma'aikaciya mai jin Hausa ta tsaya tana ƙara min bayani. Ban tsaya kunya ba na ce dokta ni tiyon nan nake tsoro, na bashi labarin babanmu. Ya ja kujera ya zauna, yace abun da ya faru da babanki daban, shi ƙwaƙwalwarsa ce ta samu rauni ta daina ba da umarnin numfashi, ke kuma mu ne za mu tsayar da numfashinki da gangan da magani, in maganin ya saki za ki ci gaba da kanki. Yace kowa da aka yi wa irin wannan aikin sai an sa masa, mai ƙarfi da mara ƙarfi, dan a lokacin aiki ana tsayar da zuciya ne a juya jini ta cikin wani inji da ke yin aikin zuciya da huhu a tare, irin injin da aka fara nasarar aiki da shi a Amurka tun 1953, huhu kuma yana hutawa, bayan nan sai an taimaka masa ya sake buɗewa.

Sai yace kuma ba mu da niyyar barinsa a bakinki ya kwana. Da can haka ake yi, ana ba mutum magani mai nauyi irin su morfin da yawa, sai ya kwana a inji har washegari ko fiye, amma daga shekarun 1990 aka koma amfani da magungunan da ke saurin barin jiki, yanzu burinsu in komai ya tafi daidai a cire tiyon cikin awa 6 da shigar mutum ɗakin reya, wato ɗakin kulawa ta musamman. Na ce to me yasa ake gaggawa, ba gara a bari mutum ya huta ba. Yace a'a, daɗewar tiyo ba hutu ba ce, duk awar da ya ƙara ƙwayoyin cuta na samun hanyar gangarawa huhu su kawo nimoniya, mai tiyo baya iya tari da kansa ya fitar da majina, dole a ci gaba da ɗura masa maganin barci dan ya jure, shi kuma wannan yana sauke hawan jini yana rikita tunani yana kashe ƙarfin jiki. Wanda aka cire wa da wuri yana saurin zama, saurin tafiya, saurin barin reya. Amma yace ba agogo kaɗai muke kallo ba, sai kin cika sharuɗɗa, sai kin farka kina gane magana, jikinki ya yi ɗumi, jinin da ke fita ta tiyon ƙirji ya ragu, bugun zuciya da hawan jini sun daidaita, gwajin iskar cikin jini ya yi kyau, kuma ƙarfinki ya dawo har kina iya ɗaga kai. In ɗaya bai cika ba za mu jira, kuma jiran ba yana nufin kina mutuwa ba ne.

Ya gaya min abun da zan tarar dalla-dalla, kuma wannan shi ne abun da ya cece ni daga firgita. Za ki farka ki ji abu a maƙogwaro, ba za ki iya magana ba dan tiyon ya ratsa ta tsakanin igiyoyin murya ne, muryarki na nan bata tafi ko ina ba. Za ki ji hannayenki a ɗaure da gado da ƙyalle mai laushi, dan kar ki fizge tiyon cikin magagi. Kar ki cije shi, kar ki yi kokawa da inji, in ya hura ki bar shi ya hura. Muka yi alƙawari in an tambaye ni abu in matse hannu sau ɗaya shi ne eh. Ma'aikaciyar nan kuma da ta ji maganar shahada tace min 'yar uwa ai Allah yana jin ta zuci, ki ɗaga yatsa kawai. Daren nan na yi ta maimaita abubuwan nan a raina har barci ya ɗauke ni.

Da safe aka shiga da ni. Abun da na tuna na ƙarshe fitilu ne da wani abu mai sanyi yana bin jijiyar hannuna ina karanta ayatul kursiyyu ban ma kai ƙarshe ba.

Kunne ne ya fara farkawa kafin ido. Ƙararrakin na'urori ta ko ina, da wani huci da ke tafiya daidai da ɗagawar ƙirjina, sai na gane ba ni nake numfashin ba, ana yi min ne. Sanyi nake ji har cikin ƙashi, jikina na rawa, an lulluɓe ni da wani bargo da ake hura masa iska mai ɗumi. Sannan na ji tiyon. Duk bayanin da aka min bai hana gabana faɗuwa ba, na so in yi ihu babu sauti, na so in haɗiye yawu ya ƙi, na ja hannu na ji shi a ɗaure, nan take injin ya fara kuka dan ina ture iskar da yake bani. Wata nas ta zo ta dafa goshina ta kira sunana, tace an gama aiki, an gama lafiya, a hankali a hankali. Kalmar "an gama" ɗin nan ita ta dawo da ni hayyacina, na tuna ashe wannan ne wajen da dokta ya faɗa min, ba wani sabon abu ya faru ba. Na ɗaga yatsana manuniya iya inda ƙyallen ya bari, na yi shahada a zuci, na yi ta yi, hawaye na gangarawa cikin kunnena ita kuma tana share min da auduga. Na saki jiki na bar injin ya hura, sai kukansa ya tsaya.

Abun da ya fi wuya a gaskiya shi ne zuƙe majina. Ana zura wani siririn tiyo ta cikin babban, ya taɓo can ƙasa, tari ya taso maka ba shiri ga ƙirji sabon ɗinki, daƙiƙa kaɗan ne amma sai ka ji kamar ba zai ƙare ba. Ba zan yi wa kowa ƙarya in ce babu wahala ba. Ga ƙishirwa, leɓena sun bushe sun tsattsage, sai dai a jiƙa auduga a goga min.

Ina ta barci ina farkawa. Duk farkawa sai an gwada ni, buɗe ido, matse hannuna, motsa yatsun ƙafa, ɗaga kai daga filo ki riƙe. Farko kan ya ƙi ɗaguwa sam, kamar ba nawa ba. Ina ganin nas tana durƙusawa gefen gado tana duba robar da jinin ƙirjina ke taruwa a ciki tana sa alama da biro, tana ɗibar jini ta wata 'yar hanya da aka sa min a wuyan hannu ba tare da sabuwar allura ba. Daga baya aka gaya min an ɗan jinkirta min dan jikina ya daɗe bai yi ɗumi ba kuma jinin farko ya ɗan yi yawa, sai da ya lafa. Da suka gamsu sai suka tsayar da maganin barci suka rage taimakon inji, dokta yace yanzu ke za ki ja, inji rakiya kawai zai miki. Wannan lokacin na fi jin tsawonsa, ido biyu, tiyo a baki, ina jan numfashi da kaina ina kallon fuskokinsu ina neman alama, ina hasbunallahu a zuci ina daidaita shi da numfashin. Aka sake ɗibar jini, ya dawo ya ɗaga min babban yatsa.

Suka ɗaga kan gadon na zama kamar a zaune, aka kwance min hannaye, aka zuƙe bakina da maƙogwaro, aka ɓare filastar da ta riƙe tiyon a kumatuna. Akwai wata 'yar balo a ƙarshen tiyon da ke toshe gefensa a cikin maƙogwaro, nas ta sa sirinji ta zuƙe iskarta, na ji wani sassauci. Dokta yace ja numfashi mai zurfi, yi tari, kafin in gama tarin har ya zare shi. Ban yi zaton tsawonsa ya kai haka ba da na gan shi a hannunsa. Na yi ta tari ina tofar da majina, aka sa min abun oksijin a fuska, yace faɗi sunanki, ni kuma abun da ya fito Alhamdulillahi ne, da wata murya a shaƙe can ƙasa da ni kaina ban gane ta ba. Wajen sallar isha'i ne, awa shidan da ya faɗa bata cika ba. Ruwa kuma ba a bani nan take ba sai da aka ɗauki wasu awanni aka tabbatar haɗiyata ta dawo, aka fara da cokali.

A waje kuma wani abu ne daban ke faruwa. An fito an gaya wa maigidana an cire tiyo, shi da murnarsa ya kira Garwa yace Inna an cire mata tiyon, kafin ya ƙarasa ta saki waya ta fara salati da kuka, dan a saninta ba a cire wa mutum inji sai in ya cika. Gida ya rikice, maƙwabta sun fara shigowa, sai da ya sake kira ta wayar ƙanwata yana rantsuwa cewa da rai nake har na yi magana. Yayana shi ma da ya ji da wuri haka sai ransa ya ɓaci, yace ko dai wani mai kuɗi aka kawo ake son a ba shi injin, ya za a tsaga ƙirjin mutum da safe a raba shi da inji da dare. Da yawa cikin mutanenmu haka suke ɗauka, in an daɗe a inji shi ne kulawa, in an cire da wuri sakaci ne ko rowa. Dan Allah in naku ne ke ciki aka ce an cire masa tiyo a ranar, ku yi hamdala, alama ce zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa duk sun amsa.

Haka kuma in ba a cire ba kar a yanke ƙauna. Akwai wani dattijo a gadon da ke kusa da nawa, shi ya kwana da nasa har ya wuce washegari dan zuciyarsa ta yi rauni sosai kafin aiki, matarsa tana ganina zaune tana kuka tana cewa nata ya ƙi tashi, amma daga baya tare muke zagaya baranda da shi yana riƙe da filonsa ina riƙe da nawa. An kuma faɗa min tun farko cewa akwai wanda ake cire wa sai numfashi ya gaza a mayar masa, ba su da yawa amma yana faruwa, shi yasa a daren farko ba sa matsawa daga kanka.

Bayan cire tiyo aikin ya dawo hannuna. Maƙogwaro na ciwo, murya a dishe na 'yan kwanaki. Aka bani ƙaramin filo in rungume a ƙirji duk lokacin da zan yi tari, kuma dole ne tarin, in ka ƙi saboda zafi majina ta kwanta a huhu zazzaɓi ya biyo baya. Aka bani wata roba mai ƙwallaye uku a ciki, in zuƙi iska in ɗaga su, sau da yawa a kowace awa in dai ido biyu nake, ranar farko ɗaya ma da kyar take motsi. Na koyi cewa in ciwo ya yi yawa in faɗa a ƙara min magani, dauriya a nan bata da amfani dan mai jin zafi baya cika huhunsa. Washegari da safe suka sauko da ni kan kujera da duk tiyoyin ƙirji a jikina, na ce musu ba zan iya ba suka ce za ki iya, kuma na iya. Sallah da taimama nake yi a kwance da ishara, daga baya a zaune. A cikin shirun dare na fara jin bawul ɗin yana ƙas ƙas kamar agogon hannu, da farko ya hana ni barci, yanzu sai na kasa kunne nake jinsa.

Da muka dawo Garwa aka kafa min doka na wajen wata biyu har ƙashin ƙirji ya haɗe, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba daka, ba jan ruwa, ba hawa moto a hanya mai gargada. Wanda ya fi min ciwo shi ne goyo, yarona yana miƙo hannu yana kuka ni kuma sai dai a ɗora min shi a cinya. Inna ce ta tare a gidana ta riƙe komai, takan zauna ta zuba min ido ina cin abinci bata cewa komai sai Allah mun gode.

Yanzu ina ɗinkina, ina hawa bene, ina azumi bayan na yi shawara da likita kan lokacin shan magani. Sintrom, wato maganin tsinka jinin, nake sha kullum a lokaci ɗaya, ina gwajin jini da ake kira INR, nawa ana so ya tsaya tsakanin 2.5 da 3.5, in ya sauka jini na iya daskarewa a kan bawul, in ya hau sai zubar jini. Ganye irin zogale da alayyahu da kuka ban daina ci ba, amma ba na cin da yawa yau in bari gobe, daidai nake tafiya da su dan suna taɓa aikin maganin. Jiƙe-jiƙen gargajiya da maganin ciwon jiki na kanti na bar su gaba ɗaya, ko haƙori zan cire sai na faɗa cewa ina da bawul. Ban sake haihuwa ba, mun zauna da maigida da likita mun ga hatsarin mun haƙura da biyun da Allah ya bamu. Yarana kuwa ko ɗaya ya ce maƙogwaro na masa ciwo da zazzaɓi ba na tsayawa zuma da citta, asibiti muke zuwa, in an rubuta maganin kwana 10 sai ya shanye kwana goman ko da ya warke a na uku.

Tun da rikici ya ɓarke a yankunan masu Turanci a ƙarshen 2016 hanyar Kumbo ta yi mana wuya, sai dai in ga likitan zuciya a nan kusa ko in gangara Yawunde in hali ya yi. Kuɗin gwajin INR da neman Sintrom in ya yanke a kantin magani su ne damuwata ta yanzu, wani watan sai na aika har wani gari a sayo min. Akwai mata biyu da na sani a unguwarmu masu irin ciwona da ke jiran kuɗin aiki ya haɗu, ɗaya ma 'yar shekara 17 ce, ina zuwa wajensu ina nuna musu tabon ƙirjina ina gaya musu su tambayi likitan barci komai kafin ranar, su kuma ce a yi wa iyayensu bayanin tiyon nan tun da wuri. Dan Allah ku sa su a addu'a.